Goyo a Baya, Kare a Gaba

Shekarar da na haifi ɗiyata ta fari, maigidana ya tafi biɗa, neman kuɗi, can arewa ana gama suna. Ni kuwa ina gidanmu a Dakoro wajen wankan jego. Aka gama wanka, aka yi arba'in, ban koma Korahane ba, domin babu wanda zan tarar sai ɗaki a rufe. Haka na zauna har damina ta wuce, aka yanke gero, yarinya ta fara zama da kanta tana kai wa baki duk abin da hannunta ya kama.

Babana mai karnuka ne. Bayan noma ba a san shi da wata sana'a ba sai wannan: a kawo masa kwikwiyo, ya raine shi, ya koya masa kama zomo da tsaron garke, mai shi ya zo ya ɗauka. Fulani da Buzaye kan kawo masa daga nesa, saboda dila ta hana su sakat da ɗauke ƴan awaki. Mutanen unguwa ba su son sana'ar, amma in dila ta shiga garkensu ƙofarmu suke fara bugawa. Ƴaƴansa duk mata ne, ni ce babba, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Tun ban kai tsawon turmi ba nake riƙe masa igiya.

Ba zan yi wa aikin nan kwalliya ba. Horon kare a hannun Baba ba wasa ba ne. Kwikwiyo yana fara tasawa zai danne shi tsakanin gwiwoyinsa ya yanke masa kunnuwa da aska, don kada dila ta sami abin kamawa, ya barbaɗa toka a wurin, jini na ɗiga a kan ƙafarsa. Wanda ya kuskura ya ciji ɗan akuya, da dorina zai tsula masa har sai ya yi fitsari a kwance. Yakan hana su abinci kafin fita daji. Duk da haka, in ya yi tari a zaure sai ka ga sun miƙe suna kaɗa wutsiya kamar za ta tsinke.

A kakar nan sanyi ya kama masa gwiwa, ta kumbura, tafiya ma da sanda yake yi. Ga matasan karnuka uku a hannunsa da ya yi alkawarin gamawa kafin makiyaya su gangaro cin tushiya. Aikin yana bukatar mai gudu: mutum ya ɗaure fatar zomo a doguwar igiya ya ja ta cikin gona, shi kuma Baba ya saki karnukan daga can nesa su bi sawu. Wata safiya na ce masa zan ja.

Inna tana tankaɗe, ta ɗago kai. Ta ce, "Ke da wa? Da ɗiyar ga?"

Na ce, "To in bar ta ina, Inna? Ba ta yarda da kowa."

"Jinjira cikin karnuka? Ki aje mini ita, in ta yi kuka ta gaji ta yi kwana."

Baba bai sa mana baki ba. Ya leƙa fuskar jikarsa kawai ya ce, "Amarya, za ki raka angonki daji?" Yarinyar ta kama gemunsa ta ja. Shi ke nan maganar ta ƙare, ko da yake Inna ta yi kwana biyu ba ta amsa mini da baki sai da kai.

Goyon gudu daban yake da goyon daka. Sai ki sunkuya sosai, ki ɗora ta can sama tsakanin kafaɗu, ki sa hannuwanta a ciki, ki ja zane ya kama ƙirji har numfashi ya ɗan matse. Sannan ki kawo majanyi ki zagaya ta ƙarƙashin ɗuwawunta ki ƙulle a ciki, ƙulli biyu. In kika yi daidai, ke da ita kun zama abu guda. Ina gudu tana dariya, irin dariyar da ke fitowa a yanke saboda girgiza, ƙafafunta na dukan kwankwasona. Karangiya ta cika mini gefen zane, in mun zauna hutawa ƙarƙashin aduwa in tsince ta ɗaya-ɗaya kada ta kai ga fatarta.

Akwai wata tsohuwar karya ja da ba ta cikin masu koyo. Tamu ce ta gida, a hannuna ta girma kafin a yi mini aure. Ita ba a ɗaure ta. Duk inda na tsaya a nan take kwanciya, ta miƙa dogon bakinta ta shinshina tafin ƙafar yarinyar, in kore ta, ta matsa taku ɗaya ta sake kwanciya.

Abin da ban iya jurewa ba shi ne ranar zomo mai rai. Idan karnuka sun ƙware da fata, Baba yakan samo zomo a tarko, ya karya masa ƙafar baya ɗaya da hannu, ya sake shi. Na sha gani tun ina ƙarama, ban taɓa jin komai ba. Amma a ranar, da ƙashin ya yi ƙas, zomon ya tsala wani kuka, sai na ji nono ya tsarge mini ya jiƙa riga. Kukan jariri ne sak. Ta bayana ta amsa da nata. Karnukan suka cim masa kusa da wani kututture, ɗaya ya kama kai, ɗaya ya kama gindi, suka raba shi biyu kafin Baba ya ɗingisa ya isa da dorina. Ya dake su don sun ci abin da ya kamata su kawo masa. Na juya na ba wurin baya, sai na tuna wadda ke bayan nawa ita ce yanzu take kallo, na sake juyowa.

Ranar da abin ya faru hantsi ya riga ya ɗaga. Muna wata gona yamma da gari, an kwashe gero an bar kara a kwance. Na ja fata har ƙarshen gonar, inda sabara ta yi duhu, na tsaya ina naɗe igiya a jikin ɗan guntun icen da nake riƙe ta da shi. Baba yana can ɗaya gefen, na hango shi ƙarami, yana fama da igiyoyin matasan nan uku. Jar karya ta tsaya shan ruwa wurin bido, jarkar ruwan da muka aje a inuwa. Yarinya ta yi barci, kanta ya kwanta a wuyana, ina jin ɗumin numfashinta.

Sai na ji motsin kara. Na ɗauka akuya ce.

Kare ne, baƙo, launin ƙasa, ramamme har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Tafiyarsa a karkace take kamar ƙafafun baya ba su san inda na gaba suka nufa ba. Muƙamuƙinsa na ƙasa a sake, yawu na zuba yana jan yashi. Bai yi haushi ba, bai yi gurnani ba. Duk wanda ya tashi cikin karnuka ya san kare mai lafiya yana duban mutum a ido ko ya kau da kai. Wannan yana dubana ne kamar yadda ake duban bango.

Ƙafafuna suka ce in gudu. Na ma ɗaga ɗaya. Sai abin ya faɗo mini a rai gaba ɗaya: in na juya, ita na ba shi. Ba ni da ikon gudu, ba ni da ikon hawa ice, ba ni da ikon jingina da komai, kuma in na faɗi ta baya a kanta zan faɗi. Abin da ya rage mini shi ne in tsaya in sa shi a gabana.

Na kwarma ihu, "Baba! Mahaukacin kare!"

Ihun ne ya tashi yarinyar, kuma kukanta ne ya sa shi zabura. Ya taho a guje. Na kai masa duka da icen, na same shi a kafaɗa, ko gezau. Ya yi tsalle ya nufi wuyana, na tare da hannun hagu, ya kama ni ƙasa da gwiwar hannu. Ban ji zafi ba a lokacin. Na ji nauyi, na ji haƙori yana goga ƙashi kamar ana kankare ƙwarya. Ya girgiza kai, ya ja ni baya-baya, na ga zan kife ta gefe, sai na jefa kaina gaba na faɗi a kan gwiwoyi. Fuskata da tasa ba su fi tafin hannu tsakani ba. Warin bakinsa har yau in na wuce mushe sai ya dawo mini.

Na riƙa buga masa icen a hanci. Na buga, na buga, har ya saki. Amma bai gudu ba, zagaye ya fara, yana neman inda kukan ke fitowa. Ƙafafunta biyu suna waje, suna harbin iska a gefen kwankwasona. Na juya a kan gwiwa, ya zagaya, na juya, tushiyar gero tana yanka mini ƙauri. Na kai hannun dama baya na tura ƙafarta ɗaya cikin zane, ɗayar kuma ba ni da hannun da zan kai mata, na hagu ya ƙi ɗaguwa. Ya kawo hari ta wannan gefen. Na tare da cinya. Ya kama zane ya yage shi, na ji ƙullin sama ya saki, yarinyar ta zame ƙasa kaɗan, majanyi kaɗai ke riƙe da ita.

A nan jar karya ta iso. Ban ga zuwanta ba, sai dai na ga ƙasa ta tashi, su biyun sun dunƙule sun mirgina cikin kara. Tsohuwa ce, haƙoranta sun dakushe, amma ta san inda ake kamawa. Ta riƙe shi a maƙogwaro, shi kuma ya yi ta saran fuskarta, ya tsaga mata leɓe, ya cire mata ido ɗaya ina kallo. Ba ta saki ba. Can sai ga matasan uku da igiyoyinsu a wuya suna ja. Baba ya ce daga baya fizge masa suka yi, kuma na yarda da shi, domin na ga tafin hannunsa a saɓule. Suka faɗa ciki. Daga nan ban ƙara gane wane ne wane ba, sai gashi da jini da ƙara.

Baba ya iso babu sanda, a hanya ya yar da ita. Mutumin da ba ya iya taka gwiwarsa, da gudu ya zo, gatari a hannu. Ya shiga tsakiyarsu yana shuri, ya sami baƙon ya sara masa a gadon baya. Karen ya karye biyu amma bakinsa na ci gaba da haɗuwa da iska. Ya sake sara a kai, ya sake, ya sake, har na ce, "Baba, ya mutu." Bai ji ba. Sai da ƙotar gatarin ta tsage ya tsaya.

Ya juyo yana haki ya ce, "Kwance ta. Uwata, kwance ta mu gani."

Hannuna bai iya kwance ƙulli ba, shi ya yanke majanyin da wuƙa. Muka tuɓe ta tsirara a kan rigarsa. Akwai jini a ƙafarta ta hagu, daga dunduniya har gwiwa. Baba ya zuba ruwan bido a hankali yana wankewa da yatsa, ni kuma ina bin fatar da ido, tsakanin ƴan yatsu, bayan gwiwa, cikin matsematsi. Babu tsaga, babu ƙwarzane. Jinina ne. Muka juya ta muka sake dubawa, tana tsala kuka har ta shiɗe. Baba ya zauna a ƙasa daɓas, ya rufe fuska da hannu mai jini, ya ce alhamdulillahi sau ɗaya, a hankali.

Wani mai amalanken jaki da ya zo kwasar kara ne ya kai mu likita. A can majo, babban ma'aikacin wurin, ya sa aka riƙe ni aka yi ta wanke ramukan da ruwa da sabuni har na gwammace cizon da wankin. Bai ɗinke ba, ya ce irin wannan ba a rufe shi. Aka yi mini allura, aka faɗa mini ranakun da zan dawo a ƙara, ya ce ko da ruwa ake da ƙanƙara kada in tsallake ɗaya. Shi ma ya tuɓe yarinyar ya duba ta da fitila ko da rana ce. Na tambaye shi abin da ke cina tun a amalanke.

"Majo, in ba ta nono?"

Ya ce, "Ba ta. Ba ya bi ta nono."

A kan wani benci a wurin na ba ta, da hannu ɗaya, tana sha tana ajiyar zuciya.

Kafin mu dawo gida labari ya riga mu. Mun tarar da samari a ƙofar gida da kulake da gora, Inna ta tsaya a bakin zaure ta tare hanya da taɓarya. Wani daga cikinsu ya ce, "Baba, a hiddo muna karnukan ga. Duk an cije su, kowa ya sani."

Baba ya sauko daga amalanke da ƙyar. Ya ce, "Na sani. Ba ku za ku hwaɗa mini ba. Amma wanda ya taka zauren ga da kulki, shi za a fara ɗauka. Ni na raine su, ni zan yi."

Da la'asar ya ja matasan uku zuwa wani tsohon ramin ƙasa a bayan gari. Suka bi shi suna ɗingishi suna lasar hannunsa. Jar karya ce ta ƙi. Ta shige ƙarƙashin rumbu, rabin fuskarta a kumbure, ya kira, ya yi fito, ya ja igiya, ta kafe ƙafafu. Ta san ƙanshin abin da ke tafe. Ya daɗe a tsugunne, sannan ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ke kaɗai za ta bi."

Inna ta ce, "Wallahi ba ta zuwa. Da wane hannu? Bai ishe ku ba?"

Na ce zan je. In ban je ba samarin ne za su jawo ta da ƙugiya su farfasa mata kai a tsakar gida. Na miƙa wa Inna yarinyar, ta ƙanƙame wuyana tana ihu, tun safe ba ta yarda an raba ta da jikina ba. Inna ta dube mu, ta yi tsaki, hawaye na zubo mata. Ta ce, "Sunkuya." Ita ta goya mini ita, ta ja zanen da ƙarfi har sai da na yi nishi.

Na tsuguna bakin rumbu na kira karyar yadda nake kiranta tun tana kwikwiya. Ta fito tana jan ciki. Muka bi lungu mu uku, mutane na matsawa suna ba mu hanya. Da muka isa ramin matasan suna kwance a ƙasa, Baba ya riga ya gama da su, ya rufa musu kara. Ta shinshina iska ta tsaya, ta jingina da ƙafata. Baba ya ce in kau da kai. Na ce a'a, in na kau za ta gane. Na riƙe igiyar gajere, ina yi mata magana, ina gaya mata ta yi ƙoƙari, ta gama aikinta. Ta ɗaga idon da ya rage tana dubana. Baba ya zo ta gefen da ba ta gani, da taɓaryar Inna. Duka ɗaya ne a bayan kai. Ƙafafunta suka yi ta shure-shure a yashi, igiyar na motsi a hannuna, sannan ta daina. Yarinyar ba ta farka ba.

Mun tura ƙasa tare, shi da hannu biyu, ni da ƙafa.

Kwanakin da suka biyo baya garin ya zama mahauta. Duk karen da aka gani babu igiya sai a bi shi da jifa da kulki, mai lafiya da marar lafiya. Ina ɗaki da zazzaɓin ciwo ina jin ihun yara da kukan kare daga wannan lungu zuwa wancan. An kashe wata karya mai shayarwa a bayan katangarmu, ƴaƴanta suka yi ta kuka cikin rami har suka yi shiru. Baba bai fita ba. Da makiyayan suka zo karɓar karnukansu ya fito ya gaya musu abin da ya faru tsaye a zaure. Biyu suka ce Allah ya kiyaye gaba. Na ukun, wani dattijon Buzu, ya nemi a nuna masa hannuna, ya duba, ya gyara rawaninsa ya tafi. Maigidana ya kira a waya yana faɗa, ya ce wa ya aike ni daji da ɗiyarsa. Na bar shi ya gama, shi bai ga wurin ba.

Na cika alluraina. Hannun ya warke da ramuka, ƴan yatsu biyu ba su ƙara naɗewa sosai ba.

Bayan wasu makonni aka zo da labarin wani tsoho a wani ƙauye kan hanyar Mai Yara. Ashe karen ya fara bi ta gonarsa a safiyar nan, ya kama shi a ƙafa yana ɗaurin kara. Ciwon ƙarami ne, ya wanke ya shafa magani ya ci gaba da aikinsa. Da abin ya tashi, sai ya riƙa firgita in ya ga ruwa, yana shaƙewa, har sai da ƴaƴansa suka ɗaure shi da igiya a ɗaki. An kawo shi likita a makare, a can ya rasu. Ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba, amma na ce wa Inna zan je gaisuwa.

Na hau kabu-kabu da goyona. Na tarar da matar mamacin a kan tabarma cikin mata, ƴar ƙaramar tsohuwa mai zanen baƙi. Na gaishe ta, na yi mata addu'a, wata ta raɗa mata ko ni wace ce. Ta ce in matso. Ta kama hannuna ta ture mayafi, ta bi tabon da yatsa daga wannan rami zuwa wancan.

Ta ce, "Naki ya hi nashi nesa ba kusa ba. Nashi ɗan ƙwarzane ne, ɗiyata. Ko jini bai yi kirki ba."

Ta saki hannun, ta leƙa bayana ta ga yarinyar tana tsotsar yatsa. Ta ce wa wata jikarta ta kawo mana ruwa da fura, ta ce in sauke ta ta sha iska, tafiyar da nisa kuma rana ta yi.